Tsagar da Na Liƙe

A tsibirin Chiloé ruwa ba ya sallama,
saukowa yake a kwanon zauren masunta
kamar mai bin bashi.
Nan muke haɗuwa shekara-shekara,
daren Asabar, bayan an gama tonon dankali:
kujeru tamanin, murhu ɗaya,
ba lasifika, ba waya a ƙasa.
Dokar ke nan tun fil azal,
katako, tsarkiya shida,
da abin da Allah ya zuba maka a yatsa.

Ni ba makaɗi ba ne, gyara nake yi.
Wuyan jita ya karkace, ni ake nema,
cikinta ya tsage, ni ake kawo wa.
Shi ya sa kunnena ya lalace:
jama'a na jin kiɗa, ni ina jin gam.

Froilán ya buɗe, kamar kullum,
tafin hannu kamar faifai, ƙarnin kifi bai bar rigarsa ba,
yana dukan tsarkiya kamar ta ci amanarsa,
duga-dugai suna amsa masa a kan katako.
Sai Nélida, malamar makaranta,
mai renon faratan dama kamar 'ya'ya,
na hagu kuwa ta yanke su tas.
Ba ta kallon kowa.
Takan kai kunci kusa da cikin jita
kamar uwa mai auna zazzaɓin ɗa.
Tagwayen Quellón sun zo da jita biyu da gardama ɗaya,
wannan na sauri, wancan na riƙe masa riga,
da suka isa ƙarshe tare
su kansu sai da suka dubi juna.

Kujerar Don Eleuterio ce babu kowa.
Shekara talatin da ɗaya shi ke rufe taro.
Hunturun bara ya tafi da shi,
aka sayar da jitarsa a Puerto Montt
don biyan kuɗin asibiti.
Na ce shi ke nan, an yi an gama.

Sai ga wata baƙuwa ta hau,
Rayén aka rubuta a takarda,
takalmin roba, gashi sharkaf,
yatsu na rawa tun ba a sa su ba.
Ta fara, ta kuskure, ta yi dariyar kunya, ta sake.
Da ta taɓa tsarkiya ta biyar
gabana ya faɗi.

Akwai wani ɗan gunaguni can ƙasa,
kamar ƙudan zuma a cikin tulu.
Na san shi.
Tsaga ce, tsawon ɗan yatsa,
wadda na liƙe shekara sha tara da suka wuce,
ran da jitar ta zamo daga kwale-kwale.
Aikin gaggawa na yi, gam ya daskare a ciki.
Sau nawa na roƙe shi ya kawo in sake?
Sai ya ce, "Bar ta da dusashewarta,
wa ka taɓa gani ya tsufa da muryar yaro?"

Yarinyar ba irin kiɗansa take yi ba.
Shi tafiyar shanu, ita tsallen ɗan akuya.
Amma duk inda ta bi, gunagunin na biye da ita,
ni kaɗai a zauren nan
nake jin mutum biyu.

Da aka watse, ana tara kujeru,
ta zo da jitar rungume a ƙirji.
"An ce kai ne mai gyara.
A gwanjo na saye ta.
Akwai wata ƙara a ciki, za ka iya cirewa?"

Na karɓa, na juya,
na bi tabon da babban yatsa.
Ruwa bai ɗauke ba, murhu ya kusa mutuwa.
Na ce, "Kunnena ya tsufa, 'yata,
ban ji komai ba.
Ki dawo baɗi dai.
Ke za ki rufe."